Zaman Jinya a Ƙasar Haɗeja: Aikin da Ya Girmi Asibiti

Idan aka ce an ba mutumin Kaugama gado a babban asibitin Haɗeja, ba shi kaɗai aka kwantar ba. Kafin motar da ta kawo shi ta juya, an sauke tabarma da buta da bokiti, da filas ɗin ruwan zafi, da kwanon sha, da ƙullin garin kunu, da zannuwan canji. Mai waɗannan kaya ita ce mai zaman jinya: uwa, ko mata, ko ƙanwa, ko wata gwaggo da ta gama aurar da 'ya'yanta. In kuwa ɗakin maza ne, ƙane ko ɗa shi zai kwana. Mai zaman jinya ce za ta bi layin yankar kati, ta kai takarda kantin magani, ta karɓo sakamakon gwajin jini, ta riƙa juya mara lafiya don kada kwanciya ta yi masa gyambo, ta zubar da fo, ta zuba wa ledar ƙarin ruwa ido, da ta ga ta kusa ƙarewa ta ruga ta kira nas. Babu sunanta a jerin ma'aikata, ba ta da albashi, ba a kuma taɓa zaunar da ita a aji ba. Duk da haka, da za a ce 'yan jinya su tattara su koma gida a dare ɗaya, da aikin ɗakin ya tsaya kafin asuba.

An saba ba da tarihin kiwon lafiya ta hanyar lissafa gine-gine da sunayen gwamnonin da suka yanke kyalle. Akwai wani tarihin a ƙarƙashin wannan. Shekara ɗari ke nan hukuma tana horar da mutane iri-iri don su kula da marasa lafiyar wannan yanki: malamin asibiti, duba-gari, nas, ungozomar zamani, ma'aikacin lafiyar karkara. Kowannensu da ya iso ya tarar da wani a zaune gefen shimfiɗar mara lafiya tun kafin zuwansa, kuma a kan wuyan wannan na zaunen ya ɗora rabin aikinsa.

Lokacin da ɗaki shi ne asibiti

Kaugama ɗaya ce daga ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, tare da Haɗeja kanta da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Malam Maɗori. Ƙasa ce ta tudu da fadama: gero da riɗi da zoɓo a kan jigawa, shinkafa da su da kiwo a bakin kogi. Ruwan da ke ciyar da mutane shi ne kuma yake kawo musu yawancin cututtukansu. Zazzaɓin cizon sauro na damina ne da kaka. Tsargiya ta zama ruwan dare ga yaran da ke wanka a kududdufi, har wasu iyaye suna ɗaukar fitsarin jini alamar girma ne kawai. A da kuma, kurkunu kan fito daidai lokacin da gona ta fi buƙatar mai ita.

Jinyar kurkunu ta isa misalin yadda aikin yake. Idan tsutsar ta huda fata ta leƙo, ba a fizgar ta, don in ta tsinke a ciki ƙafar za ta kumbura ta yi ruwa. Sai a naɗe kanta a jikin ɗan tsinke, a ja kaɗan yau, a ɗaure, gobe a ƙara. Abin kan ɗauki makonni. Mai magani zai iya nuna yadda ake yi a rana ta farko, amma wanda zai zauna kullum da safe ya yi wannan jan na haƙuri, ya wanke ciwon, ya kawo abinci, ɗan gida ne. Gonar mai ciwon kuma 'yan uwa da maƙwabta su yi mata gayya.

Ba wai babu gwanaye ba ne. Akwai su, kowa da fanninsa. Wanzami shi ke yin ƙaho da sakiya da kaciya da cire belu. Maɗori ya ja karaya ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Malam ya yi tofi ya ba da rubutun sha. Masu saiwa da sassaƙe suna nan, haka masu bori. Ilmin magani na rubuce ma ba baƙo ba ne a daular da Haɗeja ta shiga ƙarƙashin tutarta a farkon ƙarni na 19, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan ciwon ido da basur da magungunan Musulunci. Sai dai dukan waɗannan gwanaye masu zuwa ne su tafi. Wanzami ya gama ƙahonsa ya naɗe zabira kafin hantsi. Maɗori ya ce zai dawo bayan kwana kaza. Sauran sa'o'in dare da rana na mutanen gida ne.

Horon gwanayen nan gado ne. Ɗan wanzami yakan fara da ɗaukar zabirar ubansa, ya yi shekaru yana wasa aska da riƙe yaran da za a yi wa aiki kafin a yarda ya taɓa fatar mutum, kuma akwai Sarkin Aska da ke sa ido a kan 'yan sana'ar. Ungozoma yawanci tsohuwa ce da ta daina haihuwa, ta koya wajen uwarta ko kakarta. Aikinta a al'ada ya fi yawa bayan ɗa ya faɗo: ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta gyara mai jego. Naƙudar kanta mace kan yi ta ne a durƙushe cikin ɗakinta, sau da yawa ita kaɗai, musamman a haihuwar fari inda kunya ke hana ta ko da yin nishi mai ƙarfi.

A nan ne jinyar gida ta fi tsari. Yarinya mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Tun kafin ta sauka miji ya tara itace. Bayan haihuwa, safe da yamma har kwana arba'in, a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen runhu ko na darbejiya a riƙa fyaɗa mata a jiki. A dama kunun kanwa, a gasa nama da yaji, a dafa ƙauri. Wata tsohuwa daga dangi takan tare a ɗakin don wannan aiki kaɗai. Babu hukumar da ta tsara haka, amma kowa ya san rabonsa: wa zai kawo itace, wa zai ɗebo ruwa, wa zai riƙe jariri. Ga kuma dubiya, wadda addini ya mayar haƙƙin Musulmi a kan ɗan uwansa. A shigo a ce “Sannu, ya jiki?”, mai ciwo ko da yana jin jiki ya ce “Da sauƙi”, a ajiye ɗan abin da ya samu a gefen tabarma. Da irin wannan taro-da-sisi ake biyan wanzami a sayi magani.

Zamanin En'e

Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Likitocin da suka biyo bayan sojoji ba don talakawa aka kawo su ba. Aikinsu lafiyar Turawa da dakaru da ma'aikatan gwamnati. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe asibitin cikin birnin Kano, wanda yau ake kira asibitin Murtala, da kuɗin baitulmalin En'e. Daga nan ƙananan asibitocin sha-ka-tafi suka fara ɓulla a garuruwan hakimai. A 1930 layin dogo ya tashi daga Kano ya ratsa ta Malam Maɗori zuwa Nguru. Don gyaɗa da fatu aka shimfiɗa shi, amma ya sa tafiyar da ake yi a kwanaki bisa jaki ta koma ta yini guda ga wanda ke da kuɗin jirgi.

Ma'aikatan farko da aka horar 'yan ƙasa maza ne. Makarantar koyon tsafta ta Kano, wadda aka kafa a 1932, ita ta riƙa yaye duba-gari, masu leƙa randa da masai da mahauta, waɗanda matan gida suka fi tsoro fiye da dogari. Malamin asibiti kuma ya koyi wanke gyambo da ba da maganin tari da na tsutsar ciki da yin lamba. A ƙasar da matan aure ke kulle, namiji baƙo ba shi da hanyar ganin mace mara lafiya. Abin da aka saba shi ne miji ko yaro ya je ya faɗi yadda ciwon yake, a ba shi magani a kwalba ya kawo. Ke nan tun ranar farko ɗan aike daga gida shi ne idon malamin asibiti, shi ne kuma bakinsa.

Kuturta ce ta fara raba mara lafiya da danginsa na dogon lokaci. A 1937 hukumomin En'e suka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da zangon kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Wanda aka kai can ya yi nisa da masu jinyarsa, don haka aka koya wa marasa lafiyar da suka ji sauƙi su wanke wa 'yan uwansu ciwo su yi musu allura, wasunsu ma suka fita da sana'a a hannu.

A takarda, aikin jinya na zamani ya samu doka da wuri. An kafa hukumar ungozomomi ta Nijeriya a 1930, ta ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe su a 1979. Amma makarantar nas tana buƙatar yarinyar da ta yi boko, ƙasar Haɗeja kuwa ta daɗe ba ta da su da yawa. Shekaru da dama nas-nas mata a asibitocin wannan yanki 'yan nesa ne, wasu ba sa jin Hausa sosai, balle Fulatanci ko Barbarci ko yaren Bade da ake ji a gabashin masarautar. Asibitin da ma'aikatansa ba su isa ba, ba shi kuma da girkin da baƙauye zai yarda ya ci, dole ya buɗe wa dangi ƙofa. Jinyar gida ba ta mutu da zuwan asibiti ba. Naɗe tabarmarta ta yi ta bi mara lafiya.

Abin da masu bincike suka gani

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani gagarumin bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, yamma da Kaugama. An fesa wa ɗakuna maganin sauro, an raba wa mutanen wasu ƙauyuka magani gaba ɗayansu, an horar da samarin yankin kama sauro da duba jini. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Littafin da ya fito daga wannan aiki a 1980 har yau ana karanta shi a manyan makarantun duniya. Ma'anarsa ga uwa a ƙauye irin Marke ko Yalo ita ce zazzaɓi zai ci gaba da zuwa kowace damina, kuma ita ce za ta fara taɓa goshin yaro da tsakar dare ta yanke shawarar abin yi.

Wanda ya dubi wannan shawara da kyau shi ne Robert Stock, masanin labarin ƙasa ɗan Kanada, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Haɗeja a shekarun 1970, lokacin tana cikin Jihar Kano. Ya bi bayanan masu zuwa asibitoci yana duba garin da kowa ya fito, ya kuma shiga ƙauyuka yana tambayar mutane inda suke kai ciwonsu. A maƙalar da ya buga a 1983 ya nuna cewa zuwa asibiti yana raguwa da sauri gwargwadon nisan gari. Amma saurin raguwar ba ɗaya ba ne. Ya danganta da irin asibitin, da wanda ba shi da lafiyar, da kuma irin ciwon, domin akwai cututtukan da Bahaushe ya yarda na asibiti ne, akwai waɗanda yake ganin maganinsu na gida ne. Ya kuma lura cewa ƙauyuka biyu masu nisa ɗaya kan bambanta ƙwarai, abin da kilomita kaɗai ba za ta bayyana ba.

Duk wanda ya taɓa fitar da mara lafiya daga ƙauye ya san abin da ke cike wannan giɓi. Tafiya asibiti ba ta mutum ɗaya ba ce. Sai an samu mai rakiya, an samu wadda za ta riƙe yaran mai rakiyar, an nemi izinin maigida in yana nan, ko na wansa in ya tafi ci-rani. Sai an sayar da akuya ko buhun riɗi. Sai an samu amalanken shanu zuwa bakin titi, da damina kuma wataƙila kwalekwale. Nisan da ake aunawa a taswira na mara lafiya ne, amma wanda ke hana tafiya sau da yawa na mai jinya ne.

A daidai wannan lokaci likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna tattara nasu bayanan. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, ya gano cewa matan da aka kawo a gaggauce ba su taɓa zuwa awo ba su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, ya kuma kafe a kan cewa babban maganin abin shi ne ilmi ga kowa. Wani binciken da aka buga a 1983 ya duba mata 1,443 masu yoyon fitsari: mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 cikin ɗari kuma yankan gishiri. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, suka ɗora zargi a kan yawan kanwa da zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa ya karkata hankali zuwa talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari a jini. Ko ma wanne ya fi nauyi, waɗannan bincike sun nuna abu biyu a lokaci guda: hannun da ke jinya da ƙauna yana iya cutarwa in babu sani, kuma ba a isa a kai ga mai jego ba sai ta hannun tsohuwar da ke tafasa mata ruwa.

A 1994 wasu masana biyu a Amurka, Thaddeus da Maine, suka tattara irin waɗannan bincike, har da na Haɗeja, suka fitar da bayanin jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko duk a hannun dangi suke.

Sabuwar jiha, tsohuwar matsala

Ranar 27 ga Agustan 1991 aka cire Jigawa daga Kano. Manyan asibitoci da makarantun lafiya da ƙwararru yawancinsu suka zauna a Kano. Sabuwar jihar ta dogara da makarantar nas ta Birnin Kudu da makarantar fasahar lafiya ta Jahun, wadda ke yaye ma'aikatan lafiyar karkara, irin waɗanda tsarin lafiya matakin farko na zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora wa nauyin ƙauyuka. A yawancin ƙananan asibitocin Kaugama da maƙwabtanta, wanda jama'a ke kira likita ɗaya ne daga cikin waɗannan.

A 2007 jihar ta kawo tsarin Gunduma, ta haɗa ƙananan asibitoci da manya ƙarƙashin gundumomin lafiya tara don a daina jan igiya tsakanin jiha da ƙananan hukumomi. A 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a babban asibitin Jahun, tana karɓar haihuwa mai gardama da gyaran yoyon fitsari, mata suna zuwa daga ko'ina cikin jihar. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomi karkara, sababbin yaye da waɗanda suka yi ritaya. Da yawansu ba su daɗe ba. Ba masauki, ga nisa da iyali, ga alawus da ke makara.

Girman matsalar ya fito a wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya ƙiyasta cewa a Jigawa mace 1,012 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Yadda aka samo adadin abin lura ne. Tun da yawancin mace-macen a gida suke faruwa, babu takardar da ta rubuta su, sai masu binciken suka bi gida-gida suna tambayar mata: 'yan uwanki mata nawa, nawa suka rasu, nawa ne a cikinsu suna da ciki ko suna jego? Rajistar da hukuma ba ta da ita, a ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi jinyar aka same ta.

Daga nan dabara ta fara sauyawa. Maimakon a yi ta kawo baƙi suna gudu, sai a horar da 'yan gida. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, ya ɓullo da shekarar share fage. Gari ya zaɓi 'yarsa, budurwa ko matar aure, wadda ta gama sakandare amma sakamakonta bai kai ba, a yi mata bita ta sake jarrabawa, ta shiga makarantar nas ko ta ungozoma bisa alkawarin za ta dawo ta yi wa garinsu aiki. Sai da aka zauna da iyaye da mazaje da bulamai da limamai, aka gyara ɗakunan kwana, aka tanadi wurin rainon jarirai, kafin abin ya kankama. Daga baya jihar ta buɗe makarantar nas a Haɗeja kanta, abin da ya sa uba a gari irin Dakayyawa zai iya barin 'yarsa ta yi karatu a inda zai kai mata ziyara ya dawo a yini.

Ungozomar gargajiya ma an canza mata matsayi. An daina ƙoƙarin mayar da ita ƙaramar nas, aka ce ta zama mai rakiya: ta gane alamun hatsari, jijjiga da zubar jini da naƙudar da ta wuce yini, ta sa baki a tafi. Ƙarƙashin shirin Haihuwa Lafiya da makamantansa an shigo da direbobin tasha, aka koya musu ɗaukar mai naƙuda, wasu garuruwa suka kafa asusun gaggawa da jerin masu ba da jini. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna haihuwa a asibiti a Jigawa ba ta kai ɗaya cikin goma ba a 2013, ta kai kusan ɗaya cikin biyar a 2018. Ci gaba ne, amma yana nufin huɗu cikin biyar har lokacin a ɗaki suke sauka.

An fara ba mai jinya aiki a hukumance

Sauyin da ya fi kowanne shiga gidaje bai zo da gini ba. Tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fara. Masu rabon sukan ba yaro na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. In ta manta, ko yaro ya amayar ta ƙyale, aikin ya tashi a banza. Haka maganin tamowa: a auna yaro a asibiti, a ba uwa abincin gyaɗar nan na leda na mako guda, ita za ta ciyar da shi, ita za ta hana yayyensa wawashewa. A wurare da dama an ma ba iyaye mata ɗan ma'aunin damtse mai launi uku su riƙa aunawa da kansu. Mai tarin fuka kuma akan nemi wani nasa ya tsaya a kansa ya ga ya sha magani kullum har wata shida. A karon farko ana kiran mai jinya a zaunar da ita a nuna mata yadda ake yi, ko da na minti biyar ne a ƙofar gida.

Ranakun masifa kan tona yawan abin da aka bar mata. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza tafiyar kogin Haɗeja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya kuma ta yi ta dawowa, ta 2022 na cikin mafi muni. Idan hanya ta yanke, ƙauye ya koma hannun wanda ya san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. A watan Oktoban 2024 da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, fiye da mutum 150 suka rasu, aka cika asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano da masu ƙuna. Jinyar ƙuna ta watanni ce, kuma gidaje da yawa sun tura masu zaman jinya alhali suna karɓar gaisuwar wasu 'ya'yan.

Yanzu wani sabon nauyi ke tasowa. Ciwon ƙoda ya yi yawa a garuruwan bakin wannan kogi, daga Haɗeja har Gashuwa, likitoci suna ta binciken musabbabinsa. Wanda ƙodarsa ta gaza yana buƙatar wankin jini sau biyu ko uku a mako, ba kuma na ɗan lokaci ba. Ga hawan jini da ke kai ga shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon sukari da ke kai ga yanke ƙafa. Tsarin jinyar gargajiya an gina shi ne bisa ciwon da ke da iyaka: kwana arba'in na jego, makonnin kurkunu, watannin karaya. Gudummawar 'yan dubiya kan yi yawa a makon farko, ta ja baya a wata na biyu, a shekara ta biyu sai mace ɗaya da ta bar sana'arta, ko yarinyar da aka cire daga makaranta. Abin da wannan jinya ke nema kuma ba a gadonsa wajen kaka: yawan ruwan da mai ciwon ƙoda zai sha a yini, abincin da zai guje wa, yadda ake ɗaga wanda ɓarinsa ya mutu ba a gurɗe masa kafaɗa ba, yadda ake duba tafin ƙafar mai ciwon sukari kowace safiya. Ɗaliban da ke karatun nas a Haɗeja da Birnin Kudu a yau za su tarar da irin waɗannan marasa lafiya fiye da yadda malamansu suka tarar, kuma a ranar sallama su ne za su yi wa 'yar uwar da za ta tafi da shi gida wannan bayani, da Hausar da za ta iya riƙewa.